Bahago

A sabon Zongon Lome kowa ya san keken mahaifina, kuma ba a taɓa samun wanda ya zo aronsa sau biyu ba. Wanda ya ara sau ɗaya, in ya dawo sai ya jingine shi a zaure, ya yi godiya a gajarce, ya fita yana kaɗe ƙura daga gwiwar wando. Baba ba ya hana kowa. Iyakacin abin da yake faɗi shi ne, "Ka dai sani ba ya hutawa." Mutum ya ce ya ji, alhali bai gane ba, sai ya kai kwanar farko ya tsayar da ƙafa don ya sarara, feda ta ɗago shi daga kan sirdi ta yar.

Yaran unguwa suka raɗa masa suna Bahago, saboda sarƙarsa a hagu take. Ka tuna duk keken da ka taɓa hawa, daga na haya zuwa na malamin makarantarku, za ka ga sarƙa da babban farantin nan mai haƙora duk a dama suke. Na Baba kuwa a hagu, tsirara, ba ko murfi. Shi ya sa ƙafar wandonsa ta hagu ba ta rabuwa da baƙin mai, har Inna ta gaji da wanki ta ware masa wanduna biyu ta ce na keke ne.

Ba haka aka saye shi ba. Raleigh ne baƙi mai birkin ƙarfe, Baba ya tsallaka Aflao ya sayo shi a Ghana tun ba a haife ni ba. A lokacin Zongo yana tsakiyar gari, a ƙafa ake zuwa babbar kasuwa ta Asigame, inda Baba yake da tebur na turare da carbi da huluna. Saboda haka keken na ado ne, na ranar Juma'a da ziyarar dangi. Sai a 1977 aka tashi Zongo gaba ɗaya, aka mai da mu wajen kilomita 15 arewa da gari, bakin babbar hanyar da ta nufi Atakpame da Sokode har iyakar ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Shekarata bakwai. Abin da ya zauna mini a rai daga ranar ba shi da yawa: ƙura, da mata suna ƙirga kwanuka, da wata akuya da ta ƙi shiga mota. Sai kuma keken. An kwantar da shi a bayan babbar mota, aka lafta masa kwanon rufi da katako da gadon ƙarfen Inna. Da aka sauke kaya, ƙarfen nan na dama da ya taso daga gindin feda zuwa ƙafar baya ya lanƙwashe ya turo waje, faranti ba ya juyawa sai ya goge shi. Firiwil ma ya fashe daga ciki.

Ga shi kuma ranar ce keken ya tashi daga kayan ado ya koma abin neman tuwo. Kasuwa ba ta biyo mu ba, tana can inda muka bar ta. Kuɗin mota zuwa da dawowa kullum zai cinye ribar turaren, ɗan abin da aka tara kuma ya tafi a bulo da siminti.

Akwai wani tsoho mai gyaran keke, Bakotokole mutumin Sokode, da ya kafa bencinsa a gindin bishiya bakin titi. Hausa a bakinsa kamar ɗan Katsina. Ni na riƙe wa Baba ƙafar baya muka je. Tsohon ya daɗe yana tsugune yana duba ƙarfen, sa'an nan ya ce, "Malam, in na gasa wannan na miƙar da shi, wata rana zai karye da kai a kan hanya. In kuma sabo za a sa, da firiwil, ka san abin da za ka kashe." Baba ya ce, "Yi mini wanda zai kai ni kasuwa jibi."

Abin da tsohon ya yi, sai da na girma na gane hikimarsa. Ya ga ƙarfen hagu lafiyarsa lau, sai ya ce sarƙa ta koma can. Ya kwance sandunan feda biyu ya musanya su, mai faranti ya koma hagu. Ya zare sandar tsakiya da suke ɗaure a kai ya juya ta, don gefen faranti ya fi ɗan tsawo. Ya ciro ƙafar baya ya birkita ta, haƙoranta suka koma hagu. To, a nan ne gizo ke saƙa. Firiwil mai rai ba ya aiki a hagu, domin 'yan harsunan da ke cikinsa gefe ɗaya suke kamawa. In ka birkita shi, ka taka gaba ya yi ta zamewa, keke na tsaye. Fashewar firiwil ɗin Baba ita ta buɗe ƙofa. Tsohon ya kai shi wurin mai walda aka liƙe shi ya zama dunƙulen ƙarfe guda, ba ya zamewa gaba, ba ya zamewa baya. Ya kuma sa aka liƙe shi da cibiyar ƙafar kanta, don tiredin da aka murɗa shi a kai an yi shi ne yadda taka feda zai ƙara ɗaure shi a dama. A hagu kuwa kowane taki kwance shi yake yi. Daga ranar feda da taya suka zama abu ɗaya. Taya na juyawa, feda na juyawa, ƙafarka na bi ko tana so ko ba ta so. Masu Faransanci suna ce wa irinsa pignon fixe. Mu dai Bahago muka sani.

Abu ɗaya ne tsohon bai iya magancewa ba, kuma bai ɓoye ba. Fedar dama da ta hagu ba tiredi ɗaya gare su ba. Ta dama irin murɗin da aka saba ne, ta hagu kuwa a juye aka yanka nata, don tafiya ta riƙa ɗaure kowacce a mazauninta. Da aka musanya musu gefe, sai tafiya ta koma sassauta su duka biyun. Ya miƙa wa Baba wata sifana mai lamba 15 ya ce, "Kullum kafin ka hau." Bai karɓi kuɗin sifanar ba.

Da wannan ƙarar na tashi. In an dawo daga sallar asuba, zan ji Baba a zaure ya ɗaga rigarsa ya tsuguna, ƙarfe ya taɓa ƙarfe sau biyu, ƙwas, ƙwas, sa'an nan ƙarar kwalaben turare a cikin akwatin da yake ɗaurewa a kariya. Ba ya sallama da kowa in zai fita, don duk ana barci, ko ana yin kamar ana barci.

Hanyar Lome shimfiɗaɗɗiya ce galibi, sai wuri ɗaya. In ka fito daga arewa ka ratsa Tokoin, akwai gangara da ke sauke ka zuwa tafkin da ya raba tsohon gari da tudu. Mai keke na yau da kullum nan yake jin daɗi, ya saki ƙafa iska na kaɗa shi. Baba kuwa nan aikinsa yake. Feda na son ta gudu da shi, shi kuma yana danne ta ta baya da cinya, yana ba ta kaɗan-kaɗan kamar mai jan ragon layya da ya ga hanyar gida. Birkin hannu yana nan, amma sai ya yi wata bai taɓa shi ba. Da yamma kuma ya hau tudun da kaya, ba sauka, ba turawa.

Na taɓa zama na yi lissafi, don ni mutumin lissafi ne, da shi nake ci. Farantin haƙora 46 gare shi, na baya 18. Kowane zagayen feda yana kai shi mita biyar da rabi da ɗoriya. Ke nan zuwa kasuwa kaɗai zagaye wajen 2,600 ne, dawowa ma haka, babu ko ɗaya da keken ya yafe masa. Na gaya masa wannan lissafi ina saurayi, ina jin na zo da abin mamaki. Ya ce ai ya sani, shi da istigfari yake ƙirga su, kuma carbin da ba ya tsinkewa ya fi waɗanda yake sayarwa.

Ban ji daɗin amsar ba a lokacin, don gaskiya kunyar keken nake ji. Ina makarantar boko a cikin gari, tare da 'ya'yan Ewe da Mina waɗanda iyayensu ke da Peugeot, wasu ma iyayensu mata manyan 'yan kasuwar atamfa ne, irin waɗanda ake kira Nana Benz. Dama ana kallonmu 'yan Zongo a matsayin baƙi, ko da kuwa kakan kakanka aka binne a Lome tun zamanin Jamus. Sai ga mahaifina ya wuce ta ƙofar makaranta, babbar riga a naɗe a kafaɗa, ƙafafu na wulwulawa ba tsayawa, sarƙa a gefen da ba na mutane ba. Akwai ranar da na gan shi tafe na shige bayan wata mota na ɓuya. Ya gan ni. Bai taɓa tayar da maganar ba. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ya kamawa, balle ya zaunar da ni ya ce me ya sa.

Da aka shiga dogon yajin aikin nan na ƙarshen 1992, wanda ya kai har cikin 1993, motocin haya suka yi wuya, gari ya tsaya cik. Lokacin ne babura 'yan zemijan suka cika Lome, sana'ar da aka kwaso daga maƙwabtanmu na Benin, suna bin mutane suna "Oleyia?", wato za ka tafi? Maƙwabtanmu da yawa sun zauna a gida, wasu suka tsallaka Ghana. Baba kuwa duk ranar da aka buɗe kasuwa yana can. A gidanmu ba a fasa ɗora tukunya ba. Na san wannan sarai, na ci tuwon, amma bai rage mini kunyar ba ko kaɗan. Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994 kayan gyara suka yi tsada, sai na ƙara samun hujja a raina: talauci ne ya hana shi gyarawa, ba wani abu ba.

A 1996 na sami aiki a tashar jiragen ruwa, ina yi wa 'yan kasuwar Nijar takardun fitar da motoci. Kuɗi suka fara zama a aljihuna. Na sayi buhun shinkafa, na yi wa Inna atamfa, sa'an nan na zauna ina tunanin abin da zan yi wa Baba. Babur ba zai karɓa ba, na sani. Sai ya tafi ta'aziyya Atakpame, tafiyar kwana huɗu a mota, ya bar keken a zaure.

Tsohon Bakotokolen ya riga ya rasu. Na kai wa wani matashi mai shago sosai, da allo da fenti. Na ce a mai da shi keke irin na kowa. Aka yanke lanƙwasasshen ƙarfen aka sa wani, aka sayo sabuwar ƙafar baya da firiwil, sarƙa ta koma dama, aka sa mata murfi, aka sake robar birki, aka fesa baƙin fenti har yana ɗaukar ido. Yaron ya yi aikinsa da kyau, ba ni da abin cewa a kansa. Ya tambaye ni tsohuwar ƙafar fa, na ce ya yi yadda ya ga dama da ita.

Baba ya dawo da la'asar. Ya tsaya a zaure da jakarsa a hannu yana kallon keken. Ya ajiye jakar, ya tsuguna ta hagu inda ya saba, ya ga ba komai a wurin, ya zagaya dama. Ya sa hannu ya juya feda baya, ta tafi sumul tana ƙyar-ƙyar-ƙyar, taya ko motsi. Ya daɗe yana sauraron ƙarar. Sa'an nan ya miƙe, bai dube ni ba, ya ce, "An gode. Allah Ya yi albarka." Na ɗauka kunyar ɗan fari ce ta hana shi ƙarawa. Inna tana bakin ƙofar tsakar gida, ta dube ni, ta koma ciki ba ta ce uffan ba.

Kwana biyu ya je ya dawo lafiya. A rana ta uku, a gangaren Tokoin, wani ɗan zemijan ya yanko gabansa zai ɗauki fasinja. Shekara goma sha tara ƙafafun Baba ne birkinsa. Kafin tunani ya zo, cinya ta riga ta danna baya, feda ta zame fayau ba abin da ta riƙe. Birkin hannu sabo ne, yana kamawa, amma hannun bai koyi zuwa wurin da sauri ba. Ya bugi bayan babur ɗin ya faɗi a kan hannun dama. Wuyan hannu ya karye, kwalaben turare suka tarwatse a kwalta. Wanda ya kawo shi gida ya ce wurin ya yini yana ƙamshi.

Na yi shekaru ina ba da labarin nan da ɗan zemijan a matsayin mai laifi. Yana da nasa, ba shakka. Amma irinsa nawa suka yanko gaban Baba tun 1993 bai faɗi ba?

Mai ɗori ya yi aikinsa, wata biyu hannu ya warke. Baba bai sake hawa keke ba. Ya gwada motar haya na ɗan lokaci, ya ce warin fetur na sa shi jiri, ƙanena ya karɓi teburin. Mutumin da yake yin kilomita talatin a yini ya koma daga zaure sai masallaci. Cikin shekara biyu gwiwoyinsa suka fara ciwo, ya yi jiki, ya soma riƙe sanda. Mutane suka ce tsufa ne, dama lokaci ya yi da zai huta, ɗansa ya kama aiki. Har yaba mini ake yi a gaban idonsa, shi kuma yana cewa, "Ƙwarai kuwa."

Tun hannun na ɗaure na koma shagon neman tsohuwar ƙafar. Yaron ya ce masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe tun washegari. Na dawo na durƙusa gaban Baba na ce zan sa a yi wata waldar, a mai da komai yadda yake. Ya yi shiru, yana jan carbi da hannun hagu. Can ya ce, "Bar shi. An riga an gyara."

Iyakar abin da ya taɓa faɗi ke nan a kan maganar har ya rasu a 2009, Allah Ya jiƙansa. Da ya zage ni ko sau ɗaya, da na sami abin riƙewa.

A 2016 ɗan ƙanwata ya zo da wayarsa yana dariya, ya ce, "Kawu, zo ka ga Bahago a talabijin ɗin Turawa." Gasar Olamfik ce ta Rio. 'Yan matan Amurka masu tseren keke na mutum huɗu, kilomita huɗu a zagayayyen fili na katako, sun fito da kekunan da kamfanin Felt ya ƙera musu, sarƙa a hagu. Dalilin masu ƙirar shi ne a irin wannan fili hagu ake ta juyawa har a gama, saboda haka suka mai da nauyin sarƙa da faranti gefen ciki, suka kuma ce ta nan iska ba ta cika riƙe keken ba. Azurfa suka ci, 'yan Birtaniya suka ɗauki zinariya. Yaron ya ce ashe Baba ya riga Amurkawa da shekara kusan arba'in. Na yi dariya, amma ban yarda ba. Su sun zaɓa ne bayan gwaje-gwaje da kuɗi masu yawa, don su rage daƙiƙa. Baba gadon ƙarfe ne ya faɗo wa kekensa. Ba na son a ƙawata abin har ya zama wani labari daban.

Abin da ya tsaya mini a rai ba gefen sarƙar ba ne. Na ga sun gama tsere, sun ƙetare layi, amma ba wadda ta tsayar da ƙafa. Suka ci gaba da zagayawa suna rage gudu a hankali da cinya, domin kekunan wannan fili ba su da firiwil, ba su da birki ko ɗaya. Na san wannan motsin, yadda gwiwa ke ɗan turjewa in feda ta taso ta baya. Rabona da ganinsa shekara ashirin. Na miƙa wa yaron wayarsa na ce ina zuwa.

Keken ya ci gaba da zama a ɗakin ajiya har bara, da za a sake rufin ɗakin aka fito da shi. Tayoyi sun ruɓe, fentina na 1996 ya ɓare, na asali ya leƙo daga ƙasa. Na tura shi wurin wani mai gyara a bakin titi na yi masa bayanin abin da nake so. Ya ce liƙe firiwil ba wuya, amma me zai sa a kai sarƙa hagu, tunda ƙarfen dama lafiya yake? Ya ce feda za ta riƙa kwancewa. Na ce na sani. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya haura hamsin ya zo da maganar yara, ya faɗi kuɗinsa, na biya ban nemi ragi ba.

Sau biyu ya kayar da ni a filin ƙwallon bayan makaranta, yara na ihu. Na uku na fara jin yadda ake ba shi kaɗan-kaɗan. Sifanar tana cikin akwatin turaren Baba, an naɗe ta a tsumma tare da wasu carbuna da ba a sayar ba. Bakinta ya ɗan buɗe saboda aiki, sai ka danna ta sosai take kamawa. Yanzu ranar Lahadi bayan asuba nakan ɗaure fedojin in hau titi, kafin manyan motocin Burkina su taso. Ina kaiwa kasuwar Agoe in juyo, cinyoyina na rawa. Matata ta riga ta ware mini wando ɗaya. Gangaren Tokoin yana gaba da nisa, ban kai can ba tukuna.